Amsa ga 'yata ta Agege mai shirin tafiya karatun musaya a Amurka

Assalamu alaikum, 'yata. Na karanta saƙonki, inda kika shaida mini cewa an zaɓe ki cikin shirin musayar ɗalibai, za ki bar makarantarki ta Agege ki yi shekarar karatu guda a Amurka a gidan mutanen da ba ki taɓa gani ba, kuma kika tambaye ni ko Turancinki zai isa, ko za ki iya karatunsu, da yadda za ki yi da salla da abinci. Allah ya sanya alheri, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya.

Batun Turanci ba zai ba ki wahala mai tsawo ba. Yarinyar da ta tashi a Legas tana jin Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turancin buroka a cikin danfo, kunnenta ya riga ya saba da kama sabon lafazi, kuma cikin 'yan makonni za ki daina cewa a maimaita miki. Karatun ma ba ya fin ƙarfin wadda ta yi aji biyu na babbar sakandare, sai dai tsarinsa ya bambanta da namu. Babbar sakandarensu tana da aji huɗu, daga na 9 zuwa na 12, ana farawa a watan Agusta ko farkon Satumba a rufe a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Malami yana zaune a ɗakinsa, ɗalibai ne ke tashi su same shi duk lokacin da ƙararrawa ta buga, don haka waɗanda kika yi lissafi da su ba lallai ne su zama abokan ajinki na tarihi ba. Makin da za a ba ki yana taruwa ne daga aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje na kowane mako, saboda haka dabarar jiran jarrabawar ƙarshe a yi haddar dare ba ta aiki a nan. Kwafar aikin wani, ko ɗauko rubutu daga intanet ba tare da faɗin inda aka samo shi ba, laifi ne da suke ɗauka da girma ƙwarai.

Abin da na fi jin tsoro a kanki shi ne kunya, kuma ina faɗin haka ne da sanin cewa kunyar nan ita ce adon tarbiyyar da iyayenki suka ba ki. A gida an koya miki sunkuyar da kai idan babba yana magana, an koya miki cewa kin ƙoshi ko da yunwa na cin ki, domin kin san za a sake tayi har sau biyu ko uku. Masu masaukinki sau ɗaya za su yi miki tayi, idan kika ce kin ƙoshi sai su gaskata ki su kwashe kwanuka. Malamin da kika ƙi kallon idonsa zai zaci kina ɓoye wani abu ne ko kuwa ba ki damu da darasinsa ba. Idan kika shige ɗaki kika rufe ƙofa don kada ki takura wa mutanen gida, uwar masaukinki za ta kwana tana tunanin abin da ta yi miki. Yawancin saɓanin da na gani tsakanin yaranmu da masu masaukinsu daga nan ya faro: yaron yana ganin ladabi yake yi, su kuma suna ganin ƙi ne. Waɗannan iyalai ba a biyan su albashi don sun karɓe ki, sun buɗe gidansu ne don suna son su san ki, kuma shirunki ba zai ba su damar hakan ba.

Saboda haka, tun a makon farko, ki zauna da su ki yi musu bayani dalla-dalla. Ki gaya musu kina salla sau biyar a rana, kina bukatar wuri mai tsabta, kuma idan akwai kare a gidan, wanda abu ne da ya zama ruwan dare, ki roƙa a hana shi shiga ɗakinki. Ki gaya musu ba kya cin naman alade, ki kuma sani cewa yana zuwa da sunaye da yawa: yankakken naman da ake ɗorawa a kan fiza galibi da alade a cikinsa, haka nan jelatin da ke cikin wasu alewoyi. A makaranta akwai jami'i mai ba ɗalibai shawara, shi ne zai tsara miki jadawalin darussa, kuma shi za ki tambaya ya nema miki ɗakin da za ki yi azahar a lokacin cin abincin rana. Hijabinki zai jawo tambayoyi, musamman a ƙaramin gari inda mai yiwuwa ke ce Musulma ta farko da suka zauna aji ɗaya da ita. Ki amsa da sakin fuska, domin mafi yawansu neman sani ne. Azumi kuwa a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne cikin hunturu, lokacin da yini yake gajere, amma ki sanar da gidan tun da wuri don kada motsinki na sahur ya firgita su.

Kadaici zai zo, kuma yakan fi tsanani daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ɗokin isowa ya wuce, sanyi ya sauka, rana kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar a jihohin arewacin ƙasar. Yawancin ɗaliban musaya ƙananan garuruwa ake kai su, inda babu danfo, babu keke napep, babu hayaniyar Oshodi, ba ki da hanyar zuwa ko'ina sai wani ya ɗauke ki a mota, kuma shirye-shiryen musaya sukan hana ɗalibansu tuƙi. A irin wannan lokaci ne waya take zama tarko. Legas tana gaban New York da awa shida a hunturu, don haka abu ne mai sauƙi ki wayi gari kina rayuwa da agogon Agege a WhatsApp alhali jikinki yana wata ƙasa. Ki ware rana guda a mako don kiran Hajiya, sauran lokacin ki ba wa inda kike. Abota a makarantunsu ba a cikin aji ake ƙulla ta ba, domin ajin yana watsewa kowace awa. Ana samunta ne bayan an tashi, a ƙungiyar guje-guje, ko ta muhawara, ko ta aikin sa-kai. Ki shiga ɗaya tun a watan farko, ko da ba ki iya ba.

Akwai kuma haƙƙinki, wanda nake son iyayenki ma su sani. Bizar da za ki karɓa, mai suna J-1, tana da ƙa'idoji: ba za ki zauna da dangi ba, ba za ki kama aikin albashi ba, kuma akwai wakilin shirin a yankinku wanda doka ta wajabta masa ya tuntuɓe ki kowane wata. Idan wani a gidan ko a makaranta ya yi miki abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki gaya wa wannan wakili nan take, domin ana sauya wa ɗalibi gida idan akwai dalili, kuma haƙuri a irin wannan wuri cutar da kai ne. Ki riƙe fasfonki da takardar DS-2019, wato takardar shaidar shigarki shirin musayar, a hannunki.

Kafin ki tashi, ki roƙi Alhaji ya je wurin shugaban makarantarku ya karɓo a rubuce ajin da za ki koma idan kin dawo, da shekarar da za a yi miki rajistar WAEC, domin makarantun Amurka da dama ba sa ba ɗalibin musaya takardar kammala sakandare, sai dai shaidar halarta da makin darussa. Ki taho da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa cikin leda a rufe, ki bayyana su ga jami'an kwastan a filin jirgi, amma kilishi ki bar shi a gida, domin ba a barin nama ya shigo. Ki gaida mini Alhaji da Hajiya da ƙannenki, kuma da zarar an sanar da ke jihar da za a kai ki, ki rubuto mini don in gaya miki irin kayan sanyin da za ki nema.