Amsa ga mai Mustang na Tumfure: ka tsare makulli kafin ka yi maganar tiraka

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka sayo Ford Mustang ƙirar 2016 'yar Kwatano, kana haya a Tumfure, gidan babu gareji, motar tana kwana a ƙofar gida domin cikinta yana gugar ƙasa in za ka shigar da ita get, kana son sanin ko sa tiraka, wato na'urar da take nuna maka a waya inda motarka take, shi kaɗai ya wadatar. Allah ya sanya alheri, ya raba ka da tsautsayin ƙarfe. Ni wayarin mota ne sana'ata a nan Gombe, tiraka kuma da hannuna nake ɗaura wa mutane, saboda haka abin da zan faɗa maka ba ƙin ciniki ba ne.

Tiraka ba ta hana sata. Aikinta yana farawa ne bayan an riga an tafi da motar. Kai kuma a Tumfure kake, a bakin hanyar Bauchi. Wanda ya tayar da ita ƙarfe biyu na dare ba sai ya ratsa cikin gari ba, kafin kiran assalatu ya wuce Alkaleri ya wuce Bauchi. Ka sa tirakar, zan zo kanta, amma ba nan za ka fara ba.

Ka fara da sanin wanda zai ɗauki irin wannan mota. Corolla da Camry da Hilux ana sace su ne don suna ɓacewa cikin dubbai irinsu, kayansu kuma kowace kasuwa ana nema. Mustang a Gombe ba ta ɓuya. Yara sun santa, 'yan acaɓa sun santa, ƙarar salansarta kaɗai tana gaya wa unguwa ka fita ko ka dawo. Ɓarawon da ya zo wucewa kawai ba zai ɗauki wannan kaya ya ɗora wa kansa ba. Wanda zai ɗauke ta ya riga ya san inda zai kai ta, ya san inda take kwana, ya san lokacin da fitilar ɗakinka take mutuwa, kuma sau da yawa makullin da zai tayar da ita yana aljihunsa tun kafin ranar. Da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya sa na ce makulli. Motocin Ford tun ƙarshen shekarun 1990 suna zuwa da na'urar da suke kira PATS: akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa a cikin makullin, in kwamfutar motar ba ta gane shi ba injin ba zai tashi ba ko da an haɗa waya da waya. Zamanin fasa sitiyari a goga wayoyi biyu mota ta tashi ya wuce a irin taka. Abin da ya rage wa ɓarawo shi ne ya sami makulli na gaskiya, ko ya sa motar ta karɓi sabon makulli. A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwarka, akwai wani soket mai baki 16, sunansa OBD, wanda Amurka ta wajabta a motoci tun 1996. Nan muke jona na'ura mu karanta ciwon mota. Nan kuma mai na'urar haɗa makulli yake jonawa ya shigar da sabon rimot cikin ƙwaƙwalwar motar. In ya san aikinsa, lokacin da za ka ɗauka ka je ka ci tuwo ka dawo ya ishe shi.

Tambayar farko da zan yi maka: makulli nawa aka ba ka? Yawancin motocin da ake shigowa da su ɗaya suke zuwa da shi. Daga kamfani kuwa biyu ne. Ina ɗayan? Wataƙila yana can cikin durowar wani Bature, wataƙila kuma yana hannun wanda ya tuƙo ta daga tashar jirgin ruwa, ko yaron dillali. Ka je wurin mai haɗa makulli da ka yarda da shi, kana tsaye a kansa, ya jona na'ura ya nuna maka adadin makullan da motar ta sani. In ta nuna uku kai kuma ɗaya gare ka, a goge duka a sake shigar da naka, a yi maka na biyu ka kulle shi a gida. Wannan aikin ya fi tiraka muhimmanci, kuma mutane kaɗan ne suke yinsa.

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zuwa shagona hankali a tashe. Kowace Juma'a yakan ajiye motarsa a wani wurin wanki, ya miƙa rimot, ya hau acaɓa ya tafi masallaci, sai bayan la'asar ya dawo ya ɗauka tana ƙyalli. Wata safiya ya fito bai ga mota ba. Babu fasasshen gilashi a ƙasa, ƙararrawa ba ta yi kuka ba, maigadin layin ya ce ya ji tashinta ya ɗauka maigidan ne zai yi sammako. Rimot ɗinsa kuma ga shi a kan tebur. Allah ya taimake shi aka tare ta a hanya, da muka jona na'ura sai ga makulli ɗaya ya ƙaru a kan waɗanda ya sani. Ban ce masu wanki ɓarayi ne ba, akasarinsu yara ne masu neman halal. Amma awa uku mota tana buɗe a wurin da kowa yake shiga yana fita, ba ka san wa ya zauna a kujerar direba ba. In za a wanke maka, ka zauna a wurin, rimot yana aljihunka. Haka wurin bakanike, haka wurin mai fenti, haka wurina. In aikin na kwana ne, bayan ka karɓo ta a sake duba adadin makullan. Ana kuma sayar da wani murfin ƙarfe mai kulle da ake rufe soket ɗin OBD da shi, ka nema ko ka sa a kawo maka daga Kano ko Legas.

Sai abokai. Mai irin wannan mota ba ya rasa masu cewa "ba ni in ɗan zaga." Ka koyi cewa a'a da fara'a.

Taka ta dannawa ce, ba ta murɗa makulli ba, don haka akwai wata hanyar da ta yi ƙamari a Ingila da Kanada. Mutum biyu ne, ɗaya ya tsaya jikin taga ko ƙofar gidanka da na'urar da take ɗauko siginar rimot daga cikin ɗaki, ɗaya yana jikin motar, sai motar ta ɗauka kana kusa ta buɗe ta tashi. Tunda motarka a ƙofar gida take kwana, kar ka rataye rimot a bayan ƙofa ko kan taga. Akwai 'yar jaka da ake sayarwa mai toshe sigina, in ba ka samu ba gwangwanin ƙarfe mai murfin ƙarfe da yake rufuwa ruf yana yi. Ka gwada da kanka: ka sa rimot ciki, ka rufe, ka tsaya jikin motar ka ja hannun ƙofa. In ta buɗe, gwangwanin bai yi ba. Kuma duk inda ka yi fakin, a kasuwa ko banki ko wurin ɗaurin aure, in ka danna rimot ka ja ƙofar da hannunka ka tabbatar. Akwai na'urar da take danne siginar, kai ka ji kamar ka kulle alhali a buɗe ka bar ta.

Yanzu maganar kwana a waje. Ƙanena, wannan ita ta fi damuna a tambayarka. Dalilin da ka bayar ba dalili ba ne da zai sa motar miliyoyi ta kwana a titi. Na san irin get ɗinmu, an yi kwalbati a kan lambatu sannan aka ɗaga dakali don ruwan damina. Ka yi magana da mai gidan, ka kira birkila, buhun siminti kaɗan da tsakuwa a tsawaita gangaren ya kwanta. Kafin a yi, ka shiga a karkace, taya ɗaya ta fara hawa sannan ɗayar, ko ka sa katako biyu masu kauri. In duk ya gagara, ka nemi maƙwabci mai fili a cikin gida ko gidan mai da yake da maigadin dare, ka riƙa biyan wani abu a wata. Domin ko ba a ɗauke ta gaba ɗaya ba, kwanan waje yana cinye mota da kaɗan-kaɗan: yau madubi, gobe batir, jibi ka tarar da ita a kan bulo an kwance tayoyi. Madubin Corolla ka shiga kasuwa ka saya yau. Na Mustang sai ka yi oda ka jira makonni. Akwai kuma wannan abin na cikin salansa da kanikawa suke kira indomi, ana yanke shi saboda ƙarafa masu tsada da suke ciki. Kowace taya ka sa mata noti ɗaya mai makulli na musamman, kar kuma ka bar makullin notin a cikin motar. Ka sa a zana lambar motar a madubai da gilasai. In ka shigar da ita gida, ka juya sitiyari har ƙarshe kafin ka kashe, wata motar kuma ta tsaya a bayanta. Ka rufe ta da tamfol ɗinta, ka sa fitilar sola a wurin. Maigadin layinku ko 'yan sintiri ka san su da suna, ka riƙa yi musu ihsani, ka kuma gaya musu a fili cewa ba ka fita da ita da tsakar dare, duk wanda ya tayar da ita a lokacin ba kai ba ne.

Ka sayi ƙarfen kulle sitiyari mai nauyi, irin wanda ake hango shi ta gilashi. Wasu suna raina shi wai na tsofaffi ne. Mai na'urar kwamfuta ya shirya wa aikin shiru ne na minti kaɗan, bai shirya zama yana yanka ƙarfe da zarto a cikin unguwa ba.

Abin da na fi yarda da shi a aikina shi ne ɓoyayyen makunni da yake yanke wutar famfon mai ko ta sitata. Ko an zo da makulli na gaskiya, motar ba za ta tashi ba. Amma sharaɗi biyu. Kar a sa shi inda kowa yake sawa, wato ƙarƙashin sitiyari ko gefen kujera, nan ɓarawo yake fara lalube. Na biyu, kar ka ba wanda zai feɗe wayoyi da reza ya murɗa ya naɗe da salatif. Waɗannan motocin kwamfutocinsu suna magana da juna ta waya, in aka yanki wadda ba ita ba za ka ga fitilu sun cika dashbod, gyaran ya fi kuɗin makunnin nesa ba kusa ba. A yi da rile da fis, a yi soda, a ranar da babu taron yara a shagon.

To, tiraka. Ka sa biyu in da hali, kuma ba mutum ɗaya ne zai ɗaura maka duka ba. Ɓarayi sun san ana sawa, in suka tsinci ɗaya sukan saki jiki. Ka zaɓi mai batirin kanta, don in aka cire kan batirin mota ta ci gaba da magana ta kuma turo maka saƙo. Layin da yake ciki ya zama da sunanka aka yi rajistarsa, lambar sirrin da aka zo da ita ka canja ta a ranar. Abin da na fi gani yana kashe tiraka ba ɓarawo ba ne, mantuwa ce: data ta ƙare wata da watanni, ko an rufe layin don ba a amfani da shi, sai ranar da aka shiga uku a buɗe waya a ga wurin da ta nuna na bara ne. Ka riƙa dubawa duk mako. Ka saita ta ta yi maka ƙara in motar ta motsa da dare. Maganar kashe inji ta waya kuma, kar ka kashe mota tana gudu a kan titi, akwai bayin Allah a hanyar da ba su ci ba ba su sha ba. Ka jira ta tsaya.

Inshorar da yawancinmu muke yanka, ta naira 15,000 tun da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗin a Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, kuma hukumar ta ce kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi. Ka karanta sharuɗɗan, musamman abin da suka ce game da wurin kwanan mota da makulli na biyu.

Takardun asali, har da na kwastan, su zauna a gida. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 da lambar inji ka rubuta su a waya da takarda, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe har da ƙananan tabo da kai kaɗai ka sani. In, Allah ya kiyaye, aka wayi gari babu ita, ka kira 112, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take da waɗannan bayanai, ka nuna musu inda tiraka take nunawa, kar ka kwashi abokai ku bi ta da kanku. In kuma da makami aka tare ka a bakin get, ka miƙa rimot ka ja da baya, kar ka yi gardama. Saboda haka in za ka dawo da dare ka kira a buɗe maka get tun kana hanya, in ka ga fitila tana bin ka tun daga cikin gari kar ka tsaya a gida, ka wuce inda mutane suke.

Ka fara da duba adadin makullan da kiran birkila a wannan makon. In ka ga abin da na'urar ta nuna ka dawo ka faɗa mana, sai mu san inda za a ɓoye makunnin.