Amsa: hutu a tsibiri ga mai tsoron teku

Malama, kin tambaya ko mai tsoron teku zai iya jin daɗin hutu a tsibiri irin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Zai iya ƙwarai, ba tare da ya shiga ruwa ko kwalekwale ba. Daga Dar es Salaam jirgin sama zai kai ki cikin kimanin minti 20, don haka ba dole ba ne ki hau jirgin ruwan da ke ɗaukar kusan awa biyu. Yawancin abin kallo a tudu yake: tsohon birnin Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, da gonakin kanumfari da kirfa, da dajin Jozani mai jajayen birai.

Sharaɗi guda da zan gindaya miki shi ne zaɓen masauki. A yadda na gani, gaɓar gabas, wato Paje ko Jambiani, ta fi dacewa da ke, domin can ruwa yakan janye ya yi nisa sau biyu a kowace rana, har ki taka rairayi ki isa inda mata ke noman ciyawar teku, ruwan bai wuce idon sawu ba. A Nungwi da ke arewa kuwa, zurfin yana kusa da gaɓa. Sai dai ki riƙa tambayar ma'aikatan masaukin lokacin cikowar ruwa kafin ki fita, domin yakan dawo da sauri, kuma kada ki bari kowa ya matsa miki ki wuce inda hankalinki ya kwanta.