Tambayoyinku: Firinta da Tawada a Zafin Hijaz

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta bayan dogon hutu, wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk kukansu ɗaya, firinta ta ƙi fitar da rubutu. Haka abin yake a ɗan shagona nan Jidda, ba a wuni ba a shigo mini da ɗaya rungume a ƙirji ba. Na zaɓo wasiƙu huɗu, domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da yara karatu a gida nan Shari' Mansur. Ina da ƙaramar Canon mai katirij biyu, wato 'yan akwatunan tawada, PG-445 da CL-446, da ita nake buga musu darasi da azkar. Na je Kano wata biyu, da na dawo sai na tarar tana tsaga rubutu da fararen layuka, wani wurin ma ɗigon harafi ba ya fita. Tawadar kuwa sabuwa ce, daf da tafiyata na sa. Ta lalace ke nan? Daga wata malama a Makka.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan ɗawainiyar yaran nan. In sha Allahu ba ta lalace ba, bakinta ne ya bushe.

Ki ciro katirij ɗin ki kifa shi, za ki ga wani ɗan faranti mai sheƙi a ƙasansa. A jikinsa akwai ramuka ɗaruruwa, kowanne ya fi silin gashi siranta. Bayan kowane rami akwai ɗan abin ɗumama da ke kai wajen digiri 300 cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tawada ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo ɗaya kan takarda. Da haka Canon da HP suke rubutu. Ita kuwa tawadar, mafi yawanta ruwa ne. Kin rufe ɗaki wata biyu, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, a lokacin da zafin Makka ke haura digiri 40 kullum. Ruwan da ke bakin ramukan ya ƙafe, ya bar ƙanzo. Ke da kika san kurtun tawadar allo, kin san yadda gawayi da ƙaro suke daskarewa a bakinsa in an kwana biyu ba a tsoma alƙalami ba. Baƙin katirij ɗinki ma kusan haka yake, domin garin launi ne mai laushin gaske ke yawo a cikin ruwa, shi ya sa ya fi mai kala saurin toshewa.

Kafin komai ina roƙonki abu ɗaya: kada ki yi gwaji da shafin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. Za a ɓata takardu kafin ta warware, kuma ba ki son tara su a rasa inda za a kai. Sannan duk shafin da kika riga kika buga wanda ɗigo ya ɓace a cikinsa, kada ya isa hannun yaro. Haruffan ba da ta da nun da ya, ɗigo ne kawai ya raba su a tsakiyar kalma, kuma abin da yaro ya haddace a karkace yana da wuyar miƙewa.

Ki shiga wurin kula da firinta a kwamfuta, wanda a Larabci aka rubuta masa siyana. Akwai shafin gwajin ramuka, ki buga shi. Zai fito da raga ta baƙi da sandunan kala, inda ya yanke nan ne toshewar take. Ki sa ta wanke kanta sau ɗaya, ki sake gwaji. In bai yi ba ki ƙara na biyu, sannan babban wanki sau ɗaya. Daga nan ki tsaya. Kamfanin da kansa ya ce in babban wanki bai yi ba a kashe ta a jira awa 24 kafin a sake. Mutane da yawa a nan suke ɓarna, su yi ta dannawa sau goma a jere. Kowane wanki tawada yake zuƙa ya zubar a wani soso da ke cikin firintar, sai a wayi gari katirij ya ƙare, toshewa na nan.

In duk wannan bai yi ba, sai aikin hannu. Ki sayi ruwan da aka tace ta hanyar tururi a saidaliyya, wato kantin magani, ma'u muƙaɗɗar suke ce masa. Ruwan famfo da na gora suna da gishirin ƙasa da zai ƙara toshe ramukan. Ki ɗumama shi daidai yadda yatsa zai jure. Ki ninka tishu huɗu a kan ƙaramin faranti, ki jiƙa shi, ki ɗora bakin katirij a kai minti goma. Ruwan kada ya hau har wurin ɗigogin nan masu ruwan tagulla da ke bayansa, ta nan wuta ke shiga. Bayan minti goma ki ɗaga ki danna bakin a hankali kan busasshen tishu, kamar mai buga hatimi. Baƙin zai bar sanda ɗaya cikakkiya. Mai kala zai bar layi uku a jere, shuɗi da ja da rawaya. In kin ga haka ya buɗe, ki goge jikinsa ya bushe sarai ki mayar. Allura ko tsinke kada su kusanci wurin nan, kuma kada ki goge shi da ƙarfi.

Nan gaba, ko ba ki da abin bugawa, ki fitar da shafi ɗaya mai baƙi da kala duk mako. Ki riƙa kashe ta da maɓallinta ki jira ta yi shiru, domin a lokacin ne take mayar da katirij kan wani murfin roba da ke rufe bakinsa. Wanda ya zare waya daga bango tana tsakiyar hanya ya bar bakin a buɗe ga iska. Ki lulluɓe ta saboda ƙura. In tafiya ta sake kamawa, gara ki kai ta gidan maƙwabciyar da za ta riƙa amfani da ita.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina rubuta risala, wato kundin digiri. Kowane babi sai na buga wa mushrif, malamin da ke kula da aikin, ya duba, katirij HP 123 kuwa ba ya jimawa. Wani abokina ya ce ana ɗura masa tawada da sirinji. Gaskiya ne? Kuma ba zai ɓata firintar ba? Daga wani ɗalibi a Madina.

AMSA: Ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya ne ana ɗurawa, ni ma ina yi wa mutane kullum. Ƙaramin baƙin 123 shafi wajen 120 aka ƙiyasta masa, shi ma da ma'aunin shafi mai ɗan rubutu kaɗan, ba irin shafin risala mai cike da bayanan ƙasan shafi ba. Babbansa, 123XL, wajen 480. Abin da ya sa ban jin tsoron ɗura wa irin wannan shi ne, bakin rubutun a jikin katirij ɗin yake. In ya mutu, katirij ka yi asara, firintarka na nan lafiya.

Sharaɗi na farko, kuma shi ne ya fi duk sauran: ka ɗura kafin ya ƙare. Tawadar nan ita ce ke sanyaya abubuwan ɗumamar da na yi wa malama bayani a sama. In suka ci gaba da ɗaukar zafi babu tawada, ƙonewa suke yi, kuma wanda ya ƙone ba ya dawowa. Bara wani ɗalibi ya kawo mini nasa, ya ce daren da zai miƙa aiki rubutu ya fara dusashewa, sai ya ce bari ya ƙarasa shafi talatin da suka rage. Na ɗura, na jiƙa, na zuƙa, tawada na fita a tishu tsaf, amma a takarda rabin layukan babu. Abin ya dame ni, domin da ya tsaya a shafin farko da ya ga ya yi fari-fari, da katirij ɗin ya ƙara masa watanni.

Ga yadda nake yi. Na shimfiɗa jarida, na sa safar hannu, na ɓare takardar da ke manne a saman katirij. A ƙarƙashinta akwai ramuka, a ciki kuma soso ne ke riƙe tawadar. Sai na soka allura cikin soson a hankali, kada ta kai can ƙasa domin akwai rariya mai laushi da za ta iya hudawa. Ina turawa sannu-sannu, kamar mai ɗiga maganin ido. A ƙaramin baƙi ba na wuce mil 3, domin sosonsa ƙarami ne. Da ka ga tawada ta leƙo bakin rami, ka ja kaɗan baya. Cikawa fiye da kima ita ke sa ya riƙa ɗiga, ya ɓata takarda, wani lokaci ya jiƙa wurin wuta. Bayan ka gama ka mayar da takardar, amma kada ka liƙe ramukan gam da salatif. Sai iska ta shiga ta sama tawada ke sauka ta ƙasa. Ka dangwala bakin a tishu har ya daina zuba da kansa, ka bar shi ya huta kamar rabin awa, sannan ka mayar.

Mai kala ya fi son natsuwa, domin ɗaki uku ne a ciki. Kada ka yi cinta. Ka tsoma tsinken sakace mai tsabta a kowane rami ka ga launin da zai fito da shi, kuma kowace kala da sirinjinta. Mil 1 ya isa kowanne. In shuɗi ya faɗa ɗakin rawaya, komai zai riƙa fita kore, kuma wanke wannan soson aiki ne da sau da yawa ba ya biyan wahalarsa. Wurin sayen tawada kuma ka faɗa wa mai shago sunan firintarka, kada ka karɓi wadda aka yi wa Epson. Tasu ba tafasa tawada take yi ba, wani ɗan abu ne ke motsi idan wuta ta taɓa shi ya turo ɗigon, don haka haɗin tawadarsu daban ne.

Bayan ka mayar, kwamfuta za ta ci gaba da cewa tawada ta yi ƙasa, ko ta ce an taɓa amfani da wannan katirij. Ba ta ganin cikinsa, lissafin ɗigon da ta fitar kawai take yi. Ka amince ka wuce, daga nan idonka ne ma'auni. Masu Canon irin ta malama, in fitila ta yi ƙifta sau 13 ko 16, ko lamba 1686 ko 1688 ta fito, su danne maɓallin tsayarwa, mai alwatika a cikin da'ira, na daƙiƙa 5 ko fiye, za ta ci gaba da aiki. A abin da na gani a shago, katirij ɗaya yakan ɗauki ɗuri uku zuwa biyar kafin ya gaji. Kwafin ƙarshe da za ka miƙa wa kwamitin kare risala kuwa, ka kai shagon buga takardu a buga maka da babbar na'ura mai garin tawada. Rubutunta ba ya narkewa in gumi ko ruwa ya taɓa shi.

TAMBAYA: Ɗana da ke Ingila ya aiko mini da katirij HP 302, ya ce irin na firintata ne. Ya shiga daidai amma ta ƙi karɓa. Jabu aka sayar masa? Daga wani dattijo a Riyad.

AMSA: Baba, ba lallai jabu ba ne. Kamfanin ya raba duniya shiyya-shiyya. Firinta iri ɗaya, irin su DeskJet 2130, a nan da Afirka 123 take ci, a Turai 302, a Amurka 63. Siffarsu ɗaya, amma kowace firinta lambar shiyyarta ta sani. Ku buɗe murfin gaba, galibi lambar da ta dace tana rubuce a ciki. Wannan da aka aiko, in da mai komawa can a ba shi, ku sayi 123 a nan.

TAMBAYA: Ina yi wa 'yan'uwa hidimar takardun umara, tikiti da biza da takardar masauki, a rana nakan buga shafi 40 zuwa 50. Ɗurin katirij ya ishe ni. Me ka gani game da firinta mai tankin tawada? Daga wani ɗan'uwa a Karantina, Jidda.

AMSA: Alhaji, mai aiki irin naka ya wuce zancen sirinji. Ka yi lissafi da kanka: shafi 50 a rana, ƙaramin katirij ba zai kai maka kwana uku ba. Mai tanki irin Epson L3250 tana cin kwalba mai lamba 103, mil 65, kuma baƙar an ƙiyasta mata shafi 4,500. Ko ta ba ka ƙasa da haka, tsakaninta da 120 akwai nisa. Kuɗinta na farko ya fi yawa, amma a irin aikinka ba za a daɗe ba ta mayar maka.

Sai dai ka san bambancin. A mai tanki irin wannan bakin rubutu a jikin firintar yake, in ya mutu gyaransa babban kuɗi ne. Saboda haka ban yarda a zuba mata tawadar da ba a san asalinta ba don ragin 'yan riyaloli, kwalbar asali ma ai ba ta da tsada in ka raba ta da yawan shafi. Kada ka bari tawada ta sauka ƙasa da layin da ke jikin tanki, in ta sauka iska ce za ta shiga bututu, fitar da ita kuwa sai da wankin da ke shan tawada mai yawa. In ta toshe ka wanke sau uku bai yi ba, ka bar ta awa 12 kafin ka sake. In za ka sauya mata wuri ka ɗauke ta a miƙe, kada ka karkata ta, kada kuma ka bar ta ko kwalaben a mota da rana.

Danshin Jidda kuma takarda yake kamawa. In ka ga tana jan biyu-biyu ko tana maƙalewa, ka fara duba takardar kafin ka zargi na'ura. Ka bar ƙunshin a rufe cikin ledarsa, ka riƙa ɗibar abin da za ka buga a ranar, ka kaɗa gefenta da yatsa ta rarrabu kafin ka sa.