Fatawa: Sayen motar tsere ta hannu da cikon bashin banki

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan canji ne a nan Legas, ina zaune a Agege da iyalina. Tun ina yaro nake son mota mai gudu, yanzu kuma Allah ya buɗa mini. Wani dillali ya nuna mini hoton Lamborghini Huracán ƙirar 2016 da za a yi gwanjonta a Amurka. Ya ce ambaliya ce ta taɓa ta, shi ya sa kamfanin inshora ya fitar da ita da araha, amma idan ta iso za a gyara ta har ba mai ganewa. Ina da kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, cikon kuma banki ya yarda ya ba ni da ruwa kaɗan. Niyyata in hau ta shekara ɗaya ko biyu in sayar, kuma dillalin ya ce a lokacin ba sai na ambaci zancen ambaliya ba tunda an gyara. Ya ce yana da mutanensa a tashar Tin Can da za su rage mini kuɗin fito. Yayana ya ce wannan almubazzaranci ne, haramun ne. Shin yana da gaskiya? Kuma akwai zakka a kanta?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nemanka albarka da ka tambaya tun kuɗinka na hannunka. Mafi yawan masu zuwa da irin wannan tambaya sukan zo ne bayan mota ta riga ta hau jirgi.

Motar a karan kanta halal ce. Asalin abin hawa halacci ne, mai tsada ne ko mai araha. Allah yana cewa a Suratul A'arafi, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah wanda ya fitar domin bayinsa, da daɗaɗan abubuwa na arziki?" A Suratun Nahli aya ta 8 kuma ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya ce ya halicce su don a hau su kuma don ado, sannan ya ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Ka ga ke nan an ambaci ado a cikin ni'imomin abin hawa. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa da wani ya ce mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, sai Annabi (SAW) ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka wanda ya ce duk mai hawa motar ɗaruruwan miliyoyi ya aikata haram, ya faɗi abin da ba shi da dalili a kansa.

Amma yayanka bai yi magana a banza ba. Hadisin da ya fi kusa da mas'alarka shi ne hadisin dawaki da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Annabi (SAW) ya ce doki na mutum uku ne: ga wani lada, ga wani sutura, ga wani kuma zunubi. Wanda ya ɗaure shi saboda Allah, lada. Wanda ya riƙe shi don wadatar kai da kare mutunci, a wata ruwayar Muslim har da yin ado, bai kuma manta haƙƙin Allah a cikinsa ba, sutura. Wanda ya riƙe shi don alfahari da fariya da a-gani-a-faɗa, zunubi. Dokin ɗaya ne, abin da ke zuciyar mai shi da yadda ya riƙe shi ne ya raba hukuncin. Ni ban san zuciyarka ba, ba zan kuma yanke maka hukunci a kanta ba. Kai dai ka tambayi kanka a asirce: da a ce babu wanda zai gan ka a cikinta, babu mai ɗaukar hoto a ƙofar wurin biki, babu abokan canji da za su taru a kanta, za ka ba da wannan kuɗi? In amsar i ce, to son abin ne, kuma son abin halal ba laifi ba ne. In ka ji zuciyarka ta yi sanyi da zancen, ka san abin da kake nema, kuma ka tuna yadda Allah ya ba da labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasasi, ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa.

Israfi kuwa malamai sun ce yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da zai zama tsaka-tsaki ga attajirin da ya fitar da zakkarsa, ya wadata iyalinsa da iyayensa, babu bashin kowa a kansa, kuɗin motar kuma ba ya girgiza dukiyarsa, shi ne zai zama ƙetare iyaka ga wanda zai kwashe jarinsa. A nan ne nake ganin amsarka tana cikin tambayarka. Kai da bakinka ka ce kuɗinka bai kai ba sai an cika maka. Wanda sai ya ci bashi zai mallaki abin ado, abin ya fi ƙarfinsa. Kuma kai ɗan canji ne, jarinka tsabar kuɗi ne, galibi ma da amanar mutane a gauraye a ciki. Ka zauna ka ware: a cikin wannan kashi biyun, nawa ne naka tsantsa, nawa ne na waɗanda suka ba ka ajiya ko suka sa hannun jari? In akwai ko sisin wani a ciki, ba ka da iko ka taɓa shi.

Bashin da ruwa haramun ne, ba saɓani, kaɗan ne ko mai yawa. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, Suratul Baƙara aya ta 275, kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cinta da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Lalura ce kawai take buɗe ƙofar abin da aka haramta, kuma babu lalura a motar tsere. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da Taj da Lotus, suna yin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya mallake shi, sannan ya sayar maka da riba sananniya da wa'adi sananne. Wannan ya halatta in sharuɗansa sun cika. Duk da haka ban ba ka shawarar ka ɗaura wa kanka bashi saboda ado ba, ko da ta hanyar halal ce. Annabi (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi ya ce mutum idan bashi ya hau shi zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa.

Sai maganar ambaliya, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Sayen mota mai aibi da saninka ya halatta, gwanjo ma ya halatta. Idan ka saya kana sane da cewa ruwa ya ci ta, ciniki ya inganta, kuma ba ka da haƙƙin mayar da ita saboda wannan aibin. Amma abin da dillalin ya ce maka, cewa ranar sayarwa ka yi shiru, wannan algus ne ƙarara. Annabi (SAW) ya wuce mai sayar da tarin abinci, ya cusa hannunsa ya ji laima a ƙasa, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce don me ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Ibn Abi Zaid a Risala ya jero abin da bai halatta ba a ciniki, ya ambaci algus da yaudara da ɓoye aibi. Ƙa'idar malamanmu ita ce duk abin da mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi in ya sani, wajibi ne a faɗa masa. Wane ne zai biya kuɗin motar da ba ta taɓa shiga ruwa ba a kan wadda ta kwana a cikinsa?

Kada ka ce ai an gyara. Irin wannan mota cike take da wayoyi da ƙananan kwamfutoci masu sarrafa inji da giya da birki. Ruwa, musamman na gishiri, idan ya shige su, tsatsa takan ci su a hankali, sai bayan watanni matsala ta fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Makanike mai ido yakan ɗaga dardumar ƙasa ya ga busasshen taɓo a lungu, ya duba kusoshin da suka riƙe kujera ya ga sun yi ja, ya shinshina ya ji warin laima da turare bai kashe ba. Wasu masu gyaran ma sukan rufe gurbin jakar iska mai kare direba ba tare da sun sa sabuwa ba. Wannan ya wuce cin dukiya, wasa ne da ran mutum, a motar da take iya wuce kilomita 320 a awa. Kuma tarihin ba ya ɓacewa. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana nan, duk mai saye mai wayo zai bincika ta a intanet ya ga takardar da aka yi mata a Amurka mai nuna ambaliya ta taɓa ta, sau da yawa har da hotunan ranar gwanjo. Ranar nan ba kuɗi kaɗai za ka mayar ba, har da sunanka a kasuwa. Sannan ka lura, dillalin da ya koya maka ɓoye wa na gaba, me zai hana shi ɓoye maka?

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. A wane matsayi dillalin yake? Idan sayar maka zai yi, bai halatta ya sayar da motar da bai riga ya mallaka ba, domin Annabi (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam kada ka sayar da abin da ba ya wurinka. Idan ya riga ya mallake ta tana can ƙetare, Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, kana da zaɓi in ta zo ba yadda aka siffanta ba, sai dai ba su yarda a shardanta biyan kuɗi tun kafin isowarta ba idan wurin na da nisa kuma kayan na iya canzawa. Mafita mai tsabta ita ce ya zama wakilinka: ya saya da sunanka, la'adarsa sananniya, ya nuna maka takardar gwanjo da ta jirgi, ku rubuta da shaidu.

Mutanensa na Tin Can kuwa, in ragin ta hanyar ƙarya ne a takarda, a rage shekarar mota ko darajarta, ko a miƙa wa jami'i wani abu, to ƙarya ce da cin hanci, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. Motar da kuɗin fitonta bai cika ba kuma kwastan na iya kama ta ko bayan shekaru, a hannunka ko a hannun wanda ka sayar wa.

Ka kuma yi lissafin riƙo, domin tozarta dukiya abin ƙi ne. Ƙarƙashin wannan mota kusan yana taɓa ƙasa. Ka dubi hanyar da za ka bi kullum daga Agege, ramukanta da tudun rage gudu, ka tuna yadda titunan Lekki suke zama in damina ta kankama. Kayan gyaranta sai an yi odarsu da dala, masu iya taɓa ta kuma 'yan kaɗan ne. Gudun da aka ƙera ta dominsa ba ka da inda za ka yi shi bisa halal, tunda dokar hanya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a babbar hanyar ekspres, 50 a cikin gari, kuma bin wannan doka wajibi ne domin kare rayuka aka kafa ta. Wanda ya saki mota a gadar Third Mainland da dare ya kashe ɗan mutane, akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere a kansa, ga zunubin ganganci.

Hukuncin da nake ba ka shi ne: wannan ciniki a yadda ka siffanta shi bai halatta ba, saboda bashin ruwa, da niyyar ɓoye aibi, da hanyar rage kuɗin fito. Ka janye daga gare shi. Idan wata rana Allah ya hore maka kuɗin gaba ɗaya daga halaliyarka, babu haƙƙin kowa a kanka, ka sami mota mai tsabtataccen tarihi wadda ba ta sata ba, makanike amintacce wanda ba na dillali ba ya duba maka ita, to ka saya, ba wanda zai ce ka yi haram. Ka je ka gaya wa yayanka cewa ka tambaya, ka kuma gode masa.

Zakka kuwa, motar da aka saya don hawa babu zakka a kanta komai tsadarta, saboda hadisin Bukhari da Muslim cewa babu zakka a kan Musulmi a dokinsa. Tunanin cewa wata rana za ka sayar bai mayar da ita kayan kasuwa ba. Amma wanda ya saya tun farko da niyyar neman riba, ko da yana hawa kafin mai saye ya zo, ta zama hajar kasuwanci a zancen da aka rinjayar a wurin Malikiyya, kuma zakka ta shiga. Kuɗin da ka tara ɗin nan kuwa, muddin yana hannunka, ya kai nisabi, shekara ta zagayo, to ka fitar masa da kashi ɗaya cikin arba'in, ko da ka ware shi da sunan mota.

Wallahu a'alam.