Me ya sa hoton fure da na ƙadangare ba sa fita tas a wayata?

Tambaya: Malam, ina sha'awar ɗaukar hoton furannin daji da ƙadangaru daga kusa, amma waya kawai gare ni. Na fure sai ya fito dishi-dishi, ƙadangare kuwa kafin in matsa ya haye katanga. Sai na sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da za ka fara gyarawa shi ne lokacin fitarka.

Ƙadangare da rana yake ɗumama jikinsa. Tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe za ka same shi a kan dutse ko katanga yana shan hantsi, jiki bai gama saki ba. Idan rana ta take, ba ka isa ka kusance shi ba. Jan gwada ma da sanyin safiya launinsa a dushe yake, sai ya ɗan ji ɗumi kan nan ya yi ja. Wannan ɗan tsakanin nake nema. Kada ka bi shi. Yana da wurin zaman da yake komawa kullum, don haka ka tsuguna kusa da wurin ka yi shiru, kada inuwarka ta faɗa kansa. In ya dawo, sauke wayar daidai tsayin kansa, ka taɓa idonsa a fuskar wayar don kyamarar ta tsaya a nan. Ido in ya fita, ko wutsiya ta dushe hoton ya yi.

Dishi-dishin fure kuwa yawanci matsawa ce ta yi yawa. Kyamarar waya tana da iyakar kusancin da take gani sosai, galibi wajen santimita 10. Ja baya kaɗan, daga baya ka yanke gefen hoton. Jawo hoto da yatsu biyu lalata shi yake yi. Sai iska: da safe take kwance, kuma a lokacin ne furen duman kada yake buɗe, kafin rana ta sa ya yanƙwane. Da damina ka leƙa gonar dawa ko gero ka ɗauki ƙuduji. Manomi ba ya ƙaunar ganinsa, amma furensa abin kallo ne. Tumfafiya ma ka dube ta da kyau, sai dai ka kiyayi farin ruwanta, yana cutar da ido.

Abin da nake roƙonka, kada ka kama dabba don ta tsaya maka. Kulɓa da tsaka suna yar da wutsiya in an danne su, hawainiya kuma takan yi duhu don tsoro, ka ga launin da kake so ya tafi.

Kafin ka durƙusa cikin ciyawa, sa takalmi rufaffe, ka bubbuga wurin da sanda. Kububuwa launinta ɗaya da ƙasa da busasshen ganye.