Yauƙin da ƙwayoyin cikin rake ke haɗawa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai bakteriya da ke zaune cikin rake tana sarrafa sukarinsa. Ƙwarai kuwa. Irin raken da muke fere wa yara a Aboabo, nan Kumasi, a cikin irinsa aka gano wata bakteriya mai suna Gluconacetobacter diazotrophicus a Barazil, shekarar 1988. Tana shan zaƙin, ta jera sukarin furuktos ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, ya zama wani abu mai yauƙi da ake kira lefan. Da shi take manne wa jikin tsiron, ta kare kanta daga bushewa. Abin da ya fi burge ni, har naitirojin, sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, take kamowa daga iska, raken ya amfana.