Amsa kan mayar da hoto ya zama ado a bayan takardar wasiƙa

Assalamu alaikum, Hajiya. Kin tambaya yadda za ki sa hoton atamfofin shagonki na Agege ya fito dishi-dishi a bayan takardun wasiƙa da rasit ba tare da ya danne rubutu ba.

Ki buɗe manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda kyauta ce, ko ta Photoshop, ki ƙirƙiri farin shafi mai girman A4, wato fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, domin wannan ne ke ba da ɗigo 300 a kowane inci. Ki ɗora hoton a leya ta daban, wato shimfiɗa mai zaman kanta a saman farin shafin, sannan ki rage ƙarfin bayyanarsa zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari. Zanen atamfa yana da cunkoso, saboda haka ni a ganina gara ki cire launukansa ki bar guda ɗaya mai sanyi, ki kuma goge tsakiyarsa da burushi mai laushi, ta yadda adon zai tsaya a gefe-gefe, tsakiyar ta zama fili ga rubutu.

Allon kwamfuta yana da haskensa, takarda kuwa ba ta da shi, don haka hoton yakan fi duhu idan an buga. Ki gwada kwafi ɗaya, ki yi rubutu a kai da biro, kafin ki kai wa masu ɗab'i na Shomolu. Ki ba su fayil ɗin PDF, ki nemi takarda mai ɗan kauri, wato mai giram 100, domin mai giram 80 takan lanƙwashe idan tawada ta haɗu da laimar Legas.